Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gidan Arewa: Ku Zo Ku Ga Adakar Baba

Zuwa ga Darakta da malaman Gidan Arewa da ke Kaduna, da sauran ma'aikatan hukumomin tarihi da al'adu na jihohinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni tsohon malamin firamare ne, na daɗe da ajiye alli, kuma ban taɓa rubuta wa wata hukuma takarda a bainar jama'a ba sai yau. Dalili kuwa shi ne, wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifina. Ya bar duniya yana da shekara 93 a lissafin Bature, 96 in aka bi wata, wanda shi ne lissafin da shi kansa ya yarda da shi. Bai taɓa riƙe sarauta ba, ko ta mai unguwa. Leburan dogo ne a Zariya, daga baya ya zama heluma, a haka ya yi ritaya. Ba zan kama sunansa a nan ba, don da yana raye da ya hana ni, ya ce me ya yi da za a kai shi jarida.

Kwana uku muka yi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. An zo daga Funtuwa, an zo daga Gusau, har da wasu tsofaffi biyu daga Kafancan waɗanda ban san yadda labari ya kai musu ba. Kowa ya durƙusa ya ce Allah Ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, ya haƙuri. Mu kuma mu ce haƙuri sai ma'aiki, mun gode. Jikoki suka sa hotonsa a Facebook da WhatsApp, aka yi ta jera addu'a a ƙasa, kwana biyu wani labarin ya danne shi. Ba na ƙorafi a kan wannan, addu'a ita ce abin da mamaci ya fi buƙata. Kabarinsa ma yadda addini ya tanada yake, tudun ƙasa ne ba rubutu, in damina biyu ta wuce ni kaina sai na yi tambaya kafin in gane shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in tattaɓa-kunnensa ya girma ya ce wane ne wannan mutumin, amsar da za a ba shi ke nan, mutumin kirki ne, shi ke nan.

Da za a raba gado aka fito da wata adaka ta ƙarfe daga ƙarƙashin gadonsa. Duk mun santa tun muna yara, ba wanda ya taɓa ganin cikinta. Da ƙyar aka ɓalle kwadon. A ciki akwai katin aikinsa, da rasiɗan haraji na zamanin En'e ɗaure da zare, da kwabo mai huji guda uku, da wani hoto da ya dushe na mutum bakwai tsaye a gefen dogo riƙe da diga da shebur. Sai kuma wani littafi mai baƙin bango, rubutun ajami ne daga farko har inda gara ta fara ci. Ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku daga baya.

Ni ne ɗan fari, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a gidan Bahaushe na da. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Ina yaro "kai" ne, ko "wancan yaron" in yana magana da wani. Da na fara koyarwa ya koma ce mini Malam, har ya koma ga Mahaliccinsa. Bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, in na shigo zaure sai ya sami abin dubawa a wani gefen. Na buɗe littafin nan, layin farko na shafin farko sunana ne cikakke, da ranar da aka haife ni, da watan, sannan ya rubuta "shekarar zuwan Sarauniya", wato 1956 da aka yi babban hawan daba a Kaduna. A ƙasa ya ƙara da cewa, Allah Ya raya mini shi. Ina dab da shekara 70, da furfurata da jikokina, sai da na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Haka ya jero mu, mu goma sha ɗaya. Uku ba su yi rai ba, biyu ƙyanda ta tafi da su a kaka ɗaya, ya kuma rubuta su kamar kowa, da ranar zuwa da ranar komawa. Daga nan ya shiga jikoki, yana kai wa na 40 da wani abu gara ta tare hanya. Tsakanin haihuwa da haihuwa akwai abubuwan da na san za su ja hankalinku: albashinsa, kuɗin buhun gero, kuɗin ragon suna. A farkon 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ya yi wata da watanni yana rubuta kowane lissafi sau biyu, fam ɗaya naira biyu, kamar mai tsoron kada a cuce shi. Fari na shekarun 1973 da 1974 yana ciki, ba da sunan fari ba, sai dai ka ga kuɗin hatsi ya yi tsalle, ka ga kuma sunayen 'yan uwa daga ƙauye da suka zo cin rani suka ƙi komawa.

Tarihin dogo kun fi ni saninsa. Ya iso Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, na Nguru ya biyo baya a 1930. Baba da wannan yake ƙirga haihuwarsa, ya ce an gaya masa shekara biyu da isar dogo Ƙaura aka haife shi. Ya ga ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos kafin a rufe layinsa a 1957, ya ga kan jirgi mai cin kwal ya ba mai shan gas wuri, ya ga an kai layi Maiduguri a 1964, ya yi aiki da Indiyawan da aka ɗauko su gyara reluwe a 1979. Duk auduga da ta fito daga injinan gurza na Bisije, kamfanin auduga na Turawa, a Funtuwa da Gusau, da gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano, ta kan ƙarfen da irin su Baba ke gadi ta bi ta tafi teku. Na tabbata in aka shiga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna za a tarar da nauyin kayan da rahoton injiniyoyi, shekara bi shekara. Abin da nake shakkar samu a can shi ne yadda aikin yake a jikin mai yinsa.

Shi kan tashi tun kafin assalatu, ya yi salla, ya ɗauki guduma ya bi layi a ƙasa mil da mil, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Ya ce ƙarfen da ke da lafiya amonsa daban, wanda noti ya kwance ko ya tsage daban, kunne ke ganewa kafin ido. Da damina in aka kwana ana ruwa ba ya jiran gari ya waye, don ruwa kan kwashe ƙasar ƙarƙashin dogo ya bar ƙarfe a rataye, in ba a kafa jan tuta da wuri ba sai dai a ji labari. Yakan ba mu labarin kurar da lebura huɗu ke turawa a guje, biyu na gudu a kan ƙarfe ba takalmi, biyu na hutawa, Bature mai duba layi na zaune a sama ƙarƙashin laima. Yana ba da labarin yana dariya, amma in ka dubi tafin ƙafarsa ka san ba abin dariya ba ne.

Akwai abin da bai taɓa ba da labarinsa ba, ni ne na gani da idona ina ɗan shekara goma. A 1966, bayan kisan Sardauna a watan Janairu a gidan nan da kuke zaune a ciki, da rikicin Araba na watan Mayu, sai na ƙarshen Satumba ya zo wanda ya fi muni. Reluwe a lokacin cike take da ma'aikata 'yan Kudu. Wata rana da daddare Baba ya shigo da wani abokin aikinsa Inyamuri, da matarsa da 'ya'ya biyu. Aka sa mijin a rumbu. Matar kuwa Inna ta ɗaura mata zane, ta yafa mata mayafi, ta zaunar da ita a bakin murhu kamar baƙuwa daga ƙauye. Mu yara aka ce duk wanda ya buɗe baki a waje sai an yanke masa harshe. Kwana huɗu suka yi, ya fitar da su da asuba ya kai su inda za su sami jirgi. Ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Na duba littafin ko ya rubuta wani abu a kai, ba ko ɗigo. Na san gidaje da yawa a Zariya da Kano da Jos sun yi irin wannan, kamar yadda na san wasu sun yi akasinsa, kuma masu iya ba da shaida ta kowane ɓangare suna ta ƙarewa.

Amma ba don dogo ko don 1966 na ɗauki alƙalami ba. Don Inna ne, da abin da ya yi mata.

Ya auro ta a 1954 tana yarinya, ita kaɗai ya aura har ƙarshe. Ba ina nufin mai mata biyu ko huɗu bai iya riƙo ba, na san waɗanda suka riƙe huɗu da adalci, na kuma san mai ɗaya da ya gasa mata aya a hannu. Shi dai haka Allah Ya yi shi. Da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, a 1975, abokan aikinsa wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kaset, da yawa suka ƙara aure. Shi ya sayo kwano ya rufe ɗakinta da ke yoyo, ya kawo mata keken ɗinki a kan amalanke. Aka yi ta yi masa tsiya a tasha ana ce masa mijin-ta-ce. Keken nan da shi aka biya wa ƙannena uku kuɗin makaranta.

Ita ma sunanta ban taɓa ji a bakinsa ba, "Innarku" ce. Ban taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba, ban taɓa jin wata kalma mai taushi ta shiga tsakaninsu a gabanmu ba. Abin da na sani shi ne, ta haddace lokacin kowane jirgi. Da ta ji kukan na yamma ya doso gari sai ta ɗora ruwan wankansa, ko da kuwa tuwo bai nuna ba.

Yana da shekara 78 ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da aka sallamo ta daga asibiti ƙannena mata suka yi shawara za su riƙa karɓarta wata-wata, kowace ta yi jinya a ɗakinta. Aka kai masa maganar a zaure. Ya saurara har aka gama, sannan ya ce, "Da wa aka ɗaura mata aure a cikinku?" Ba wanda ya ƙara cewa uffan. A daren ya sa aka ciro gadonsa daga turakar da ya shekara hamsin yana kwana a ciki, aka kai ɗakinta.

Shekara 11 ya yi yana wannan jinya. Mutumin da bai taɓa hura wuta ba ya koyi dama koko, ya san kaurin da za ta iya haɗiya ba ta ƙware ba. Yakan zauna a gefen gado da ƙaramin cokali, ya hura, ya kai bakinta ta ɓangaren da ke motsi, ya goge abin da ya zubo da gefen rawaninsa. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya masa in ba a juya mai kwanciya ba gyambo zai kama ta, sai ya mai da abin kamar duba layi, yana tashi sau uku cikin dare, kuma har ta rasu ba ta yi gyambo ko ɗaya ba. Shi ke yi mata alwala, ya juya ta ta fuskanci gabas, ya yi tasa sallar kusa da ita da ɗan ƙarfi don ta bi da zuciya. Mata na taimakawa da wanka da wanki, ba zan ce shi kaɗai ya yi komai ba, amma dare nasa ne. Duk mako biyu sai ya aika a kira mai kitso. Jajibirin kowace salla sai an sa mata lalle, har da hannun da ba ya motsi, ya ce ai shi ma nata ne.

A unguwa an yi magana. Wasu suka ce girma ya faɗi, wasu suka ce tun asali an shanye shi, wani aminin nasa ma ya zo har gida da shawarar ya sami yarinya ya aura ta kula da su duka biyu. Baba ya ba shi goro ya raka shi ƙofa.

Wata rana da la'asar na shigo ba su ji sallamata ba. A lokacin jirgi ya daɗe da daina bin layinmu yadda ya saba, sai a yi wata da watanni ba a ji kukansa ba. Na tarar da tsoho ya dunƙule hannu a baki yana kwaikwayon kukan jirgin yamma, yana ƙarawa da cewa ga shi ya dawo, ina ruwan wanka. Ita kuwa tana dariya da rabin fuska, hawaye na bin kuncinta. Na koma da baya a hankali na tsaya a soro, na sake yin sallama da ƙarfi. Kafin in shiga ya koma kan buzunsa da carbi a hannu, fuskar nan a murtuke kamar kullum.

Ta rasu suna da shekara 66 da aure. Ya ƙara 'yan shekaru a bayanta, bai kuma koma turaka ba.

Malamai, ga abin da ke damuna. Kunya ta sa irin wannan ba ya fitowa fili a ƙasar Hausa. Mai yi ba ya faɗa, wanda ya gani ya kau da kai. Saboda haka abin da ake ji game da magidancin Bahaushe shi ne saki, da duka, da barin mata da yunwa, waɗanda duk akwai su, kotunanmu shaida ne. A wasannin kwaikwayo ma tsohon miji kullum mai sanda ne da tsawa. Yaron da ya tashi yau yana neman wanda zai koyi zaman aure a wurinsa, sai ya ɗauka tausasa wa mace baƙon abu ne da aka kwaso daga finafinan Indiya. Ana karanta mana hadisin da ke cewa mafi alherinku shi ne wanda ya fi alheri ga iyalinsa, muna gyaɗa kai, amma misalin da za a nuna a cikin unguwa an binne shi da mai shi.

Kada ku ɗauka waliyyi nake ba ku labari. Baba na da zafin rai, dorinarsa na rataye a bayan ƙofa kuma ba ado aka rataye ta ba. Ƙanwata da ke bi na, wadda ta fi mu duka kai, ya cire ta daga aji shida ya yi mata aure, malamanta suka zo har gida roƙo ya ƙi. Ta daɗe ba ta huce ba. Bai taɓa ce mata ya yi kuskure ba, irin su ba sa faɗa, amma 'ya'yanta mata huɗu daga ɗan abin da yake samu ya riƙa biya musu makaranta, kuma ranar da babbar ta gama karatun ungozoma shi ya fara isa wurin taron, da babbar riga. In za a rubuta shi, a rubuta da wannan. Kirari aikin maroƙa ne, ba shi nake nema a wurinku ba.

Da jikoki kuwa wani mutum ne daban. Duk abin da ya hana mu su ya sakar musu. Matan amarensa ne, kullum ana rigimar kuɗin cefane da wadda za ta karɓi girki. Mazan abokan hamayya ne masu son ƙwace masa mata, in sun shigo sai ya ce a ɓoye tuwo ga ɓarayi nan. Su ne ke hawa kafaɗarsa, su ja masa gemu, su lalube aljihu. Kuma su kaɗai yake sakin baki da su. Wata jikarsa, tana wasa da waya, ta ɗauki muryarsa yana ba su labarin ranar da ya tsayar da jirgi da jan tuta a bakin wata gada da ruwa ya cinye. Minti 17 ne, ana jin kukan akuya a ciki. Duk duniya ita ce kaɗai muryarsa da ta rage. Ni da na shekara 35 ina koya wa 'ya'yan mutane tarihin Bayajida da na Shehu, ban taɓa zama da takarda a gaban mahaifina ba. Kunyar ɗan fari na ciki, sakaci ya fi yawa. Kullum ina cewa sai an sha ruwa, sai bayan salla.

Abin da nake roƙo ba sabo ba ne. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, a Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Baba ba 'yar sarki ba ce, ba malama ba ce, ta rasu a 1951, amma yau duk mai son sanin yadda aure da ƙawance da goyo da bauta suke a karkarar Hausa kafin zuwan Turawa da bayansa, sai ya bi ta kanta. Tsohuwa ɗaya ke nan, cikin 'yan makonni. A Yamai akwai cibiya sukutum da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka. Kafin su duka, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta Halima wadda ba ta da wani muƙami sai kyawun hali da zumunci. In 'yar Shehu ta ga maƙwabciya ta isa a rubuta ta, ba na jin wani zai ce mana bidi'a muka ƙirƙiro. Gidanku ma, wanda marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya aza harsashin aikinsa a 1970, shi kansa shaidar zaman aure ne, don a nan Hafsatu ta rasu tare da mijinta Sardauna a daren 15 ga Janairu 1966.

Kuna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuna da faɗa a ji a sassan tarihi da na Hausa, a Zariya da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da sauran jami'o'i da kwalejojin ilimi. Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu, da yawansu a kan tarihin kafuwar gari kaza da jerin sarakunansa, wanda an riga an rubuta sau goma. Me zai hana a ce kowane ɗalibi ya nemi tsoho ɗaya ko tsohuwa da ta haura 80 a unguwarsu, ya zauna da ita zama uku ko huɗu, ya ɗauki murya, ya rubuta, a kawo muku kwafe? Wayar da ke aljihunsa ta isa. Sai dai a koya musu tambaya. In ka ce wa tsoho ya ba ka tarihi, zai fara da jam'iyyun NEPU da NPC da Sardauna, don ya ɗauka shi ne tarihi. A tambaye shi nawa ya biya sadaki, wa ya yi masa walicci, me suka ci a shekarar fari, ɗa nawa ya binne, yaya aka yi da matarsa ta kwanta ciwo. Tsofaffi mata kuwa a tura musu mata. Kuma in za a ji tawa, a fi tura jikoki, don abin da tsoho zai ɓoye wa ɗansa da baƙo, jika na tsokanarsa zai faɗa.

Sai maganar takardu. Gidaje nawa ne ke da adaka irin tamu, da wasiƙun ajami, da rasiɗai, da hotuna, gara da ɗanshi na ci? Mutane ba za su ba da na asali ba, kuma suna da gaskiya. Amma in aka san akwai wani ɗaki a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, inda za ka kai a ɗauki hoton takardunka a kwamfuta a mayar maka da abinka a ranar, za a kawo. A sanar a rediyo da Hausa, ba a takardar taron ƙara wa juna sani ba. A kuma yi da wuri saboda ajamin, don rubutun Baba sai da na kai wa wani tsohon alaramma kafin mu warware wasu layukan, hannun mutanen da daban yake da wanda ake koya yanzu.

Na san za a ce ba kuɗi. Na san kuma akwai maganar asirin gida, wadda ita ce ta fi nauyi a wurina. Ba kowane abu ne iyali za su so a baza ba, ni ma akwai shafi biyu a littafin nan da ba zan nuna wa kowa ba. Sai a yi yarjejeniya a rubuce: wannan a buɗe yanzu, wannan a rufe sai bayan shekara kaza, wannan a sakaya suna. Ku ne masana, kun san yadda ake yi a wasu wurare. Abin da na sani ni dai lissafi ne na malamin firamare: wanda yake da shekara 15 ranar 1 ga Oktoba 1960, yau ya kai 80 ko ya haura.

A cikin mutum bakwai na hoton nan, saura ɗaya. Shi ne na biyu daga hagu, mai riƙe da shebur, a lokacin shi ne ƙaraminsu. Idonsa ya tafi amma kansa garau yake, ya san sunan kowace tasha daga Zariya zuwa Ƙaura a jere, ya kuma san abin da ya faru a gidaje da dama a 1966. Kullum bayan la'asar ana fito masa da tabarma ƙofar gida. Hunturun bara ya ba shi wuya ƙwarai, 'ya'yansa har sun fara kiran 'yan uwa. Na fara zuwa wurinsa ran Asabar da wayar jikata, mun yi zama biyu, amma ni ban iya tambaya irin taku ba, kuma da an ambaci Baba sai mu ɓuge da kuka mu biyu. In za ku turo wani, ya zo kafin sanyi ya shigo. Adakar tana ɗakina, na sa mata maganin gara.

Wassalam.

Naku,
Ɗan wani tsohon heluman dogo, daga Zariya.